Na'urar auna radiyeshan ta hannu: na saye ta don katakon falet, ga yadda muka ƙare

Ga mai shirin sayen 'yar na'urar nan ta auna radiyeshan da ake ta tallarta a intanet, mai launin ruwan ɗorawa da baƙi, wadda ba ta wuce girman ƙaramar waya ba, ga hukuncina tun kafin dogon bayani. Tana aiki. Ba ta bogi ba ce, akwai bututun Gaiga na gaske a cikinta, wato ɓangaren da ke jin radiyeshan ɗin, kuma in ka kai ta kusa da abin da ke fitar da radiyeshan mai ƙarfi za ta yi ta tsuwa har sai ka janye. Amma abin da aka buga a jikin kwalinta, wai tana gwada abinci da katako da tayil ta gaya maka ko lafiyarsu lau, wannan zancen 'yan talla ne. Ni kuwa don katako na saye ta, saboda haka a wurina kwalliya ba ta gama biyan kuɗin sabulu ba.

Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a nan cikin Katsina. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da rumfar katako, kuma rabin cinikinsa na falet ne da manyan akwatunan da ake zubo injina a ciki daga ƙasashen waje. Ana kawo masa su daga Kano da Legas, yaransa su zare ƙusoshin su jera allunan. Yawanci itacen fayin ne, fari mai sauƙin yanka da gogewa, ga araha, shi ya sa kafintoci ke rububinsa don benci da teburin mai shayi da kejin kaji da kantar shago. Guntayen da suka rage kuma masu ƙosai da masu waina da matan unguwa ke saye ɗauri-ɗauri, don itace ne mai ƙaro a jikinsa, da an ƙyasta ashana ya kama. Da sanyin bara sai ga wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp, wani yana ta rantsuwa cewa katakon da ke shigowa daga Turai na dajin da nukiliya ta ƙone ne a Yukren, duk wadda ta yi girki da shi ta sayo wa gidanta ciwon daji. Bai faɗi wane katako ba, bai faɗi inda aka gwada ba. Amma cinikin guntayen Kawu ya tsaya cak.

Ya ce da ni, "Malam, kai ka karanta wanga abu. Samo mani abin da za a gwada shi. In na guba ne mu banka mashi wuta mu huta."

Na ce, "Kawu, in da a ce na guba ne, ai wutar ce babbar matsalar."

Naira 68,000 na biya har da kuɗin mota, daga wani mai sayarwa a Legas da ya ba direba ita na karɓa a tasha. Kafin in tura kuɗi, da na yi sallama yake amsawa. Bayan kuɗi sun shiga na tambaye shi sunan bututun da ke ciki da kuma ko an daidaita ta da wani ma'auni, har yau shiru kake ji. A cikin kwali akwai na'urar, da wayar caji, da igiyar ratayawa, da 'yar takardar bayani da Sinanci da wani irin Turanci da sai ka karanta sau biyu. Babu takardar shaidar daidaitawa ko ɗaya.

In ka juya bayanta za ka ga 'yan tsaga-tsaga, ta cikinsu ana hango wani siririn bututun gilashi. Shi ne duk na'urar, sauran roba ce da batir da allo. A cikinsa akwai iskar gas da siririyar waya mai ɗauke da wuta wajen bolt 400. Duk sa'ad da radiyeshan ya ratsa ya taɓa gas ɗin, sai wuta ta yi tsalle sau ɗaya, na'urar ta ce ƙyas. Ƙyas ɗin nan take ƙirgawa a kowane minti, sannan ta ninka da wata lamba da aka sa mata a masana'anta ta nuna maka maikurosibat a awa, ma'aunin yawan radiyeshan da jiki ke sha. Wato lambar da kowa ke zuba wa ido a kan allo kintace ce. Ƙirgen shi ne na gaskiya, kuma an ɓoye shi a shafi na biyu, sai ka danna maɓallin tsakiya.

A ɗakina a Ƙofar Ƙaura tana kai-kawo tsakanin 0.10 da 0.17. Wannan ba abin tsoro ba ne, haka duniya take: ƙasa da duwatsu da bulon gini da hasken da ke zuwa daga sararin samaniya duk suna ba da nasu. A matsakaicin lissafi, mutum a duniya yana samun milisibat 2.4, wato maikurosibat 2,400, a shekara daga irin waɗannan hanyoyi na halitta, kuma kusan rabinsa daga iskar radon ne da muke shaƙa, wadda wannan na'ura ba ta iya auna ta. Da na ɗora ta kan tulin tsakuwar kankare a wani kango kusa da mu, ta ɗan haura 0.20 ta zauna a can. Dutsen giranait ya gaji haka.

Babban abin da zai ruɗa mai saye shi ne tsalle-tsallen lamba. Ranar da na kai ta rumfa, wani yaron Kawu ya karɓa ya manna a jikin allo, lamba ta haura 0.24, ya kwarma ihu, "Wallahi akwai!" Kafin mutane su gama taruwa ta sauko 0.11, a kan allon nan dai, ba a motsa ta ba. Dalili shi ne radiyeshan ba ya zuwa a jere. In matsakaicin ƙirge 20 ne a minti, wani mintin za ka ga 15, wani 25, duk daidai ne. Sai ka bar ta minti 10 ta tara wajen 200 kafin tangal-tangal ɗin ya ragu zuwa kamar kashi 7 cikin 100. Tana da wurin sa lokaci, kuma wannan na yaba mata, amma takardar bayanin ko ambatonsa ba ta yi ba. Mutumin da bai san wannan ba zai iya tayar da hankalin unguwa guda da ita, ko kuma ya wanke abin da bai kamata a wanke ba.

Don in tabbatar ba lambobin banza take zubowa ba, na je wurin wani mai walda da ke aikin alminiyom da bakin ƙarfe na ari sandar tongistin mai jan baki. Irin wannan sanda tana da toriyom, wani ƙarfe mai fitar da radiyeshan, kashi 2 cikin 100. Da na jera 'yan sandunan a bayan na'urar, ƙyas-ƙyas ɗin ya ƙaru har kunne na ji, ba sai an duba allo ba. Sai na gwada buhun takin zamani NPK 15-15-15. Nan ta ɗan ɗaga kaɗan, kaɗan ƙwarai, sai da dogon ƙirge na gane bambancin. A riƙe maganar takin nan, za mu dawo kanta. Waya kuwa, da ƙarfen sabis, da talabijin, ko gezau ba ta yi, don nasu wani nau'i ne daban da bututun Gaiga ba ya gani. Na faɗi haka ne saboda duk wanda ya gan ta a hannuna sai ya miƙo wayarsa a gwada masa.

Sai katako. Na auna allunan falet daga tuli daban-daban, kowanne na ba shi lokacinsa, na auna afara da malaina na gida a wuri guda don kwatance. Babu bambanci. Abin da ta nuna a kan fayin shi ta nuna a kan afara, shi ta nuna da na ajiye ta a kan benci ba komai.

Kawu ya washe baki. "To mi ya rage? A shaida ma mutane an gwada."

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri tukuna. Abin da ta ce shi ne ba ta ga wuta ba. Ba ta ce babu komai ba."

A nan ne na fi jin haushin abin da aka rubuta a kwalin, kuma sai an san yadda itacen fayin ke ɗaukar wannan abu kafin a gane dalili.

Mai saƙon murya bai ƙirƙiri dajin ba, akwai shi. Ranar 26 ga Afrilu 1986 tukunya ta huɗu ta tashar nukiliyar Carnobil, wato injin da ake sarrafa makamashin a cikinsa, ta fashe, a Yukren, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet. Dajin fayin da ke dab da tashar ya sha radiyeshan mai yawan da ya kashe itatuwan, ganyensu ya koma ja-ja, shi ya sa ake kiransa Jan Daji. Fayin na cikin itatuwan da suka fi rauni a gaban radiyeshan. Ga shi ba ya kaɗe ganye da sanyi, don haka a ƙarshen Afrilu, lokacin da wasu itatuwan ke fara toho, shi yana tsaye da ganyensa cif, sirara masu tsini, suna tare duk ƙurar da ta sauko. Amma waɗannan itatuwa ba su shiga kasuwa ba. An ture su da katafila aka binne a ramuka aka rufe da yashi, kuma wurin yana cikin yankin da aka killace, kilomita 30 kewaye da tashar. Babu wanda ya yi falet da Jan Daji ya turo Katsina.

Abin da ya fi dacewa a yi magana a kai shi ne dazuzzukan nesa, waɗanda ko ganye ɗaya bai canja launi a cikinsu ba. Hayaƙin tukunyar ya yi kwanaki yana tashi, iska ta kwashe shi, inda aka yi ruwan sama nan ya sauka. Duniya ma ba daga bakin Sobiyet ta fara jin labari ba: ranar 28 ga Afrilu na'urorin tashar Forsmark a Suwidin, sama da kilomita 1,000 daga wurin, suka fara kuka a kan ma'aikatan da ke shiga aiki. Belarus ta kwashi kaso mai yawa, sai sassan Rasha da Yukren, sannan Suwidin da Finlan da Norwe da Ostiriya da kudancin Jamus. A Birtaniya sai a 2012 aka ɗage takunkumin ƙarshe a kan tumakin wasu tsaunukan Wels. A kudancin Jamus har yanzu ana samun aladun daji da namansu ya wuce iyakar bekarel 600 a kilo, a hana sayarwa. Bekarel ɗaya na nufin ƙwayar zarra ɗaya tana fashewa a kowace daƙiƙa.

Cikin abin da ya sauka, aidin-131 bai daɗe ba, duk kwana 8 yake raguwa da rabi. Masu naci su ne siziyom-137, da ke ɗaukar wajen shekara 30 kafin ya ragu da rabi, da sitirontiyom-90, wajen shekara 29. Wato a 2016 ne siziyom ɗin Carnobil ya koma rabi, sai 2046 zai koma rubu'i. A gona ana huɗa, ƙasa ta juye, abin ya nutse. A daji babu mai huɗa. Ganye ya faɗo ya ruɓe a sama-sama, saiwoyi da laimar kwaɗi su tsotse, ya hau itace, ganye ya sake faɗowa. Itace bai iya bambanta siziyom da fotasiyom ba, haka kuma yana ɗaukar sitirontiyom a matsayin kalsiyom. Don haka a shekarar farko abin a waje yake, a ɓawo da ganye. Bayan shekaru sai ya shiga cikin naman itacen ta saiwa, inda fere ɓawo ba ya fitar da shi.

Labarin da na fi ba ɗalibaina a kan wannan daga Japan yake. Tsunamin 11 ga Maris 2011, wanda ya jawo hatsarin tashar nukiliyar Fukushima, ya share wani dajin fayin mai itatuwa wajen 70,000 a bakin tekun garin Rikuzentakata, guda ɗaya tak ya rage a tsaye. Garin yana da nisan kusan kilomita 200 daga tashar. A birnin Kiyoto kuma akwai bikin da ake yi duk 16 ga Agusta, a kunna manyan wutace a kan tsaunuka biyar don sallamar ruhin magabata bisa al'adarsu. Sai aka shirya a ƙona itacen fayin ɗin Rikuzentakata a bikin, waɗanda suka tsira suka rubuta saƙonni ga mamatansu a jikin faskaren. Aka gwada, ba a sami komai ba, amma mutane suka yi ta ƙorafi don tsoro, aka fasa. Ƙasa ta ɗauka cewa an wulaƙanta masu makoki. Kiyoto ta ji kunya ta sa aka kawo wasu faskare 500. Da aka gwada waɗannan sai ga siziyom, bekarel 1,130 a kilo, a ɓawo, cikin itacen kuwa ba a ga komai ba. Aka sake fasawa. Abin lura a nan biyu ne: tsoro ya riga gwaji yanke hukunci a karon farko, sannan a karo na biyu ɗakin gwaji ne ya gano abin, ba 'yar na'urar hannu ba.

Daga baya a wannan shekarar Japan ta sa iyaka: itacen girki kada ya wuce bekarel 40 a kilo, gawayi 280. To a dawo kan buhun taki. Kowane giram na fotasiyom a duniya yana da wajen bekarel 31 na halitta, don haka kilo ɗaya na NPK 15-15-15 ya kusa bekarel 4,000. Wannan ne na'urata ta ɗan ɗaga masa gira da ƙyar. Yaya za ta yi da 40? Daidai yake da ka ɗora ɗan kunnen zinare a kan sikelin da ake auna buhunan gero a kasuwa ka ce a faɗa maka nauyinsa. Allurar ba za ta motsa ba, kuma rashin motsinta ba ya nufin babu zinare.

Na biyu, ko ta motsa, ba ta san wa ya motsa ta ba. Ƙyas ɗin siziyom da na fotasiyom da na toriyom duk ɗaya ne a kunnenta. Na'urar da ke bambantawa ita ce wadda ake sa samfur a cikin tukunyar dalma mai kauri don a tare radiyeshan na waje, a bar shi awanni, ta auna ƙarfin kowane haske. A ma'aunin ƙarfin hasken da ake kira keV, siziyom-137 yana fitowa a 662, fotasiyom-40 a 1,460, ba a rikita su. Irin wannan aiki sai cibiyoyi kamar ta binciken makamashi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike take tun 2004. Sitirontiyom-90 ma ya fi wuya, don ba ya fitar da irin wannan haske, sai an narkar da samfurin an ware shi da sinadarai.

Me ya sa iyakar itacen girki ta yi ƙasa haka, har ta fi ta abinci tsanani, alhali ba cin itacen ake ba? Saboda toka. Wuta ba ta kashe siziyom. Itacen ne ke tafiya, ya bar toka da ba ta kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, wani ɓangare na siziyom ya bi hayaƙi, sauran ya taru a 'yar tokar nan. Japan ta yi lissafinta ne don kada tokar ta wuce bekarel 8,000 a kilo, wato ninki 200. A 2009 ma hukumomin Italiya sun kama dubban tan na dunƙulallen garin katako da ake hura wutar ɗumama ɗaki da shi, wanda aka shigo da shi daga Lituweniya, saboda an sami siziyom-137 a ciki, kuma tokar ce abin da aka fi gargaɗi a kai. Mu kuwa a nan toka ba shara ba ce. Ana zuba ta a gona, ana wanke tukunya da ita, ana tace ruwan toka a sa a miya da dafa wake. Siziyom yana narkewa a ruwa sarai.

Don haka na ce bari in taimaka wa na'urar. Na sa aka ƙona guntayen falet zalla a cikin tsabtataccen kasko, na tara tokar, na kuma karɓi tokar itacen gida daga murhun gidanmu. Na cika gwangwani biyu iri ɗaya, na rufe da 'yar leda, na ɗora na'urar a kai na ba kowanne dogon lokaci. Dukansu sun ɗan ɗaga sama da na ɗaki, kuma ta gida ce ma ta ɗan fi. Ba abin mamaki ba ne, toka cike take da fotasiyom, shi ne ma ke sa ruwan toka kaifi. Abin da wannan gwaji ya nuna shi ne tokar falet ɗin ba ta ɗauke da wani abu mai yawan gaske. Wannan ya fi gwajin allo ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma duk mai irin na'urar da ke son gwada itace, toka zai auna, ba itacen ba. Amma iyakarta ke nan.

Wani dattijo mai sayar da ƙusa a gefen rumfar, da ya ga muna ta fama da gwangwanayen toka, ya ce shi wannan magana ba sabuwa ba ce a kunnensa, tun yana yaro aka yi ta cewa Faransa ta sa guba a iskar hunturu. Yana da gaskiya. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggan, cikin hamadar Aljeriya, sama da kilomita 1,500 daga nan, kuma a Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a kan ci gaba da gwaje-gwajen. Gwaje-gwajen bam da manyan ƙasashe suka yi a sararin sama a shekarun 1950 da 1960 sun bar ɗan burɓushin siziyom-137 a ƙasar duniya baki ɗaya, har da tamu. Ba sai an yi odar sa daga Turai ba.

Ra'ayina a kan katakon kansa, bayan duk wannan: wanda ya yi benci ko kanta da falet ya kwantar da hankalinsa. Jikin babban mutum ma yana ɗauke da sama da bekarel 4,000 na fotasiyom-40, da shi muke kwana muke tashi. Allon da ke da 'yan bekarel a cikinsa ba zai yi wa mai zama a kai komai ba. Bambancin yana wajen abin da ya shiga ciki: jiki yana daidaita fotasiyom ɗinsa, ya zubar da rarar, siziyom kuwa ƙari ne, yana ɗaukar watanni kafin ya fita, sitirontiyom kuma ƙashi yake nufa ya zauna shekaru. Shi ya sa shawarata ga mata ita ce kada a tace ruwan toka da tokar falet ko ta wane katako da ba a san asalinsa ba. A tsaya ga ta karan gero da dawa da aka saba. Wannan bai ci ko sisi ba.

Abin dariya, hatimin da ke jikin falet ya fi na'urar naira 68,000 ba da labari. A dubi gefen katakon, akwai tambari mai kama da zangarniyar alkama, kusa da shi haruffa biyu na ƙasa: DE Jamus, PL Folan, TR Turkiyya, CN Sin, IN Indiya, UA Yukren, BY Belarus. Haruffan suna nuna inda aka yi wa falet ɗin magani ne, ba lalle inda itacen ya tsiro ba, amma dai sun fi saƙon murya. A tulin Kawu mafi yawa CN ne da IN da TR, na Turai 'yan kaɗan. Sai wasu haruffa biyu: HT na nufin an gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30 don kashe ƙwari, MB kuma na nufin an turara shi da maganin ƙwari mai guba, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2010. Na nuna wa Kawu wannan, yanzu yaransa suna ware masu MB da masu fenti da waɗanda mai ko wani sinadari ya zuba a kansu, ba a sayar da su ga masu girki. A ganina wannan ne hatsarin da ke kusa da mu, kuma na'urar ba ta ganinsa ko kaɗan. Masu waina sun dawo, amma tsadar gas da gawayi ce ta dawo da su, ba lissafina ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafe a gurguje. Allonta ba ya ganuwa a ranar Katsina, sai ka kare da hannu ko ka shiga inuwa. In hasken rana ya faɗa kai tsaye ta tsagogin baya ƙirgen yana hawa, don wasu bututun gilashi haske na taɓa su, saboda haka a inuwa ake aiki da ita. Ƙurar hunturu na shiga ta tsagogin nan, ni dai a cikin farar leda marar kauri nake sa ta, wanda kuma ke hana toka ko ƙasa manne mata ta riƙa ba da ƙarya daga baya. Batir yana da kyau, yana kwanaki in an rage hasken allo, amma in ya mutu gaba ɗaya kwanan wata da jimillar da ta tara sai su goge. Ƙarar tsuwarta ana iya kashewa, alhamdu lillahi.

Wa ya kamata ya saya? Malaman kimiyya, ba shakka. Ban taɓa ganin 'yan aji uku sun yi tsit suna saurare kamar ranar da na kawo ta da sandar walda da kofin taki ba. Sai kuma 'yan gwangwan da masu sayen tsofaffin ƙarafa, waɗanda a gaskiya su ne suka fi kowa bukatarta. A Satumban 1987 a garin Goyaniya na Barazil wasu suka kwance wata tsohuwar na'urar gashin ciwon daji daga asibitin da aka yi watsi da shi suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai garin siziyom-137 mai ƙyallin shuɗi, aka riƙa raba shi ga 'yan'uwa ana sha'awa. Mutum 4 suka mutu, sama da 200 abin ya taɓa. Irin wannan, 'yar na'urar nan za ta yi kuka tun kana nesa. In hakan ta faru kada a taɓa, kada a tsaya ɗaukar hoto, a ja da baya a hana mutane zuwa, a sanar da hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA. A kuma sani cewa irin wannan bututu mai araha yana iya shaƙewa in radiyeshan ya yi yawa ƙwarai har ya nuna ƙasa da gaskiya, don haka in lamba ta yi ta hawa kana matsowa sannan ta faɗi kwatsam, ba sauƙi aka samu ba.

Wanda kuma zai saya don ya gwada shinkafa ko madarar yara ko katakon gado, ya riƙe kuɗinsa. In dai sai an saya, a tabbatar tana nuna ƙirge a minti ba maikurosibat kaɗai ba, tana da wurin sa lokaci, kuma mai sayarwa ya faɗi sunan bututun da ke ciki kafin a tura masa ko kobo. A nemi ya kunna ta ya ɗauko bidiyo na minti ɗaya ana jin ƙyas-ƙyas ɗinta, don akwai masu kama da ita sak a kasuwa da wutar lantarki da siginar waya kawai suke aunawa, su ma ana tallarsu da sunan na'urar radiyeshan. Garanti kuwa babu, in bututun ya fashe sai dai a sayi wata.